Idon da Na Dasa a Gindin Jirgin Yayana

Wallahi har gobe in na ji wani ya ce aikina ne bai yi kyau ba, sai zuciyata ta tafasa. A shekarun da masara ta gagari talaka ina gyaran rediyo a Makoda, yayana Sale kuma yana su a wani dam kusa da mu. Ruwa ya ja baya, kifi ya shige ramuka, ga baki goma sha ɗaya a gidansa, kwale-kwalensa shi ne abincinsu. Sai wani direba ya kawo masa na'urar auna zurfin ruwa daga Ikko, irin wadda ake huda gindin jirgi a dasa idonta yana kallon ƙasa.

Ni na huda katakon, na zura idon, na shafe da gam, na ɗaure notin da sifana har tafina ya yi ja. Shekara ashirin ina ɗaure noti fa, jama'a!

To, masuntan wurin suna da al'ada. Akwai inda ruwa ya cinye tsohon gari da maƙabartarsa, in sun zo kai sai su ɗaga filafili, su yi sallama su wuce, ba a jefa koma. Sarkin ruwa, shugaban masuntan, ya ce mini, "Malam, in kun isa can ka kashe abin nan, ba a leƙen masu barci." Na ce, "Baba, yunwa ba ta san maƙabarta ba." Kaico da wannan bakin nawa!

Da hantsi ne, rana ƙwal, muka isa wurin a jirgin, ni da yaya. Yaya ya ɗaga filafili zai yi sallama, na daka masa tsawa na jona batir. Na'ura ta nuna ƙafa talatin. Jirgi na tsaye cak, amma sai lamba ta koma ashirin, ta koma goma, ta koma ɗaya, sai muka ji an ƙwanƙwasa katakon daga ƙasa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ina kallo notin nan ya fara warwarewa a hankali. Na danne da sifana aka fizge, ruwa ya yi tsiri. Da iyo muka kai gaɓa.

Gari ya ɗauka wai ha'inci na yi, na nutsar da abincin ɗan'uwana. Matarsa ta daina amsa gaisuwata. 'Yan shayi da ko ƙusa ba su taɓa bugawa ba, su ne masu koya mini aiki!

Kwana uku sai ga jirgin a gaɓa, cikinsa a bushe, idon babu, an toshe hudar da farin ƙyalle, daga ƙasa aka cuso shi. Sarkin ruwa ya hana kowa jan ƙyallen. Yaya bai sake shiga ruwa ba, dako ya koma yi a Dawanau har ya rasu, bai taɓa ce mini kai ne ba, bai kuma ce ba kai ba ne.

Don Allah in masu wuri sun ce ku yi sallama, ku yi.