'Yar Farin Inna Bilki

A Kurmin Kogi aka haifi Juwairiyya, a gidan Malam Ubaidullahi mai karantar da littattafai a zaure. Ita ce 'yar fari, don haka ranar da aka yaye ta, Gwaggo Radiyya ƙanwar Malam ta goye ta sai Nasarawan Doya. Can ta tashi. Mahaifiyarta Inna Bilki mace ce mai kunyar 'yar fari ta ƙin ƙarawa. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa haɗa tabarma da ita ba. In Juwairiyya ta zo hutu ta durƙusa gaisuwa, sai Inna ta amsa tana kallon murhu. In tuwo ya sauka kuma, sai ta ce da na kusa, "A ce wa waccan abinci na hucewa." Duk gari ana yaba mata wannan hali.

Yarinya ta yi kai. Daga Makarfi ta wuce Zariya karatun likita, ta kama fannin fiɗa, ta kuma zaɓi ciwon dajin mama, wanda abokan karatunta suke gudu. Abin da ya ja ta shi ne matan ƙauye da take gani ana kawowa a ƙurarren lokaci, ƙirji naɗe da tsumma, bayan wanzami ya yi sakiya an shafa abin da aka shafa. Abin yana ƙona mata rai, kuma ba ta ɓoyewa.

Shekara goma sha tara tana wannan aiki. Takan ce ciwon ba iri ɗaya ba ne, ko da sunansa ɗaya. Sai ta sa allura ta ɗebo ɗan tsoka an kai ɗakin gwaji kafin ta taɓa wuƙa. Wata macen ƙwayar magani ce za ta riƙe ta, wata sai an yi mata ƙarin ruwan magani tukuna, wata kuwa a cire ƙullutun kawai a bar mata mamanta. Har ranar dawowa asibiti ba ta sa wa mace sai ta tambayi ranar kasuwar garinsu, don ta san ran nan ne ake samun mota. Kowace Asabar tana hanya, yau Ikara, wani mako Kudan ko Furana, tana tara mata a makarantun Islamiyya tana koya musu yadda za su laluba mamansu da yatsa uku. Mai faɗa ce, ba ƙarya. Duk wadda ta ce mata daji ba ya son ƙarfe, ranar ta shiga uku.

Sau uku ta yi irin wannan taro a tsakar gidan mahaifinta. Ta duba gwaggonni, ta duba matan maƙwabta, har da tsohuwa mai ƙosai. Inna Bilki kuwa tana madafa tana dafa wa baƙi shinkafa, don ina za ta zauna 'yar farinta na ambaton nono a bainar jama'a? Ita ma likitar, da duk bakinta, ba ta taɓa iya ɗaga labulen madafar nan ba. Takan ce a ranta sai wani zuwan.

Bara bayan ƙaramar Salla Gwaggo Radiyya ta kira ta a waya. "Juwairiyya, ki zo gida yau. Ki zo da kayan aikinki."

Ashe Gwaggo ce ta lura Inna ta daina ɗaga hannun hagu in tana daka, ta ritsa ta a ɗaki. Ƙullutu ne a mamanta, shekara biyu ke nan da fitowarsa. Kwana uku aka yi ana lallashi kafin Inna ta yarda a duba ta, shi ma da sharaɗin Gwaggo na zaune, ita kuma ta rufe fuska da mayafi.

Juwairiyya ta wanke hannu ta durƙusa. Rabonta da taɓa ƙirjin nan tun tana shan nono. Yatsunta suna sauka ta san komai: tauri kamar ɗanyar goruba, fata ta lotsa, hammata cike da kaluluwa. Ta daure ta yi allurar gwajin yadda take yi wa kowa.

Sakamako ya fito bayan mako biyu, kuma shi ne ya fi ci mata rai. Irin mai sauƙin nan ne, wanda ta sha cire shi ta ba mace ƙwaya ta koma gona. Sai dai hoto ya nuna ya riga ya kai ƙashin baya da hanta. Ta kira malamanta na da, ta tura wa abokan aiki hotunan, kowa ya faɗa mata abin da ta riga ta sani. Babu abin yankawa. Saura rage zafi da jinkirta abin da ke tafe.

Ta koma Kurmin Kogi da magunguna a jaka, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, Gwaggo a tsakaninsu. Ta ce ta ɗauki hutu, za ta zauna jinya. Daga nan hawaye suka kece mata, abin da ba ta taɓa yi a gaban majinyaci ba.

Fuskar Inna Bilki na kallon bango. Can ta ce, "Radiyya, ki ce wa Likita ta bar kuka, ba laifinta ba ne. Ki ce ta koma bakin aikinta. Akwai waɗanda nasu bai yi nisa ba, suna can suna jiran ta."