Minti Goma Sha Biyar na Isar da Saƙo a Takoradi

Akwai wata Laraba da ba na jin zan taɓa mantawa da ita muddin ina wannan sana'a. Da Manaja ya nemi kowannenmu ya rubuta wa sababbin ma'aikata wani abu daga abin da ya gani, ita na zaɓa, ko da yake labarin bai ƙara mini kwarjini ba.

A lokacin ina cikin wata na biyar daga watanni shida na gwaji, a matsayin mataimakin jami'in tsara tafiya. Ga wanda bai san ofishinmu na Gusau ba, aikinmu na yau da kullum shi ne tikitin jirgin sama da bizar Umara da neman masauki. Wannan ne karo na farko da muka karɓi tafiyar jirgin ruwa na shaƙatawa, wato irin jirgin da matafiyi ke kwana a cikinsa yana bin gaɓar teku, da safe ya tsaya a wata tasha, mutane su sauka su yini a gari, su koma kafin ya tashi. Matafiyanmu takwas ne, maza biyar da mata uku, dattawan 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi daga Tsafe da Bunguɗu, waɗanda 'ya'yansu suka haɗa kai suka ce lokaci ya yi da za su huta. Za su shiga jirgin a Kwatano, ya bi da su Lome da Tema da Takoradi da Abijan, su sauka a Dakar.

Abin da aka ɗora mini shi ne tsara yininsu a kowace tasha: wuraren da za su gani, masallacin da za su yi salla, inda za su ci abinci, da motar da za ta mayar da su. Ni kuwa ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne madatsar ruwa ta Gusau. Manaja ya ce wannan ba matsala ba ce, ƙa'ida ɗaya kawai zan riƙe, jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

"Lawali," in ji shi, "in jirgi ya bar mini mutum ɗaya a ƙasa, kada ka tambaye ni takardar tabbatar da aiki. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Na shafe mako uku ina rubuta jadawali mai shafi goma sha ɗaya, da Hausa tsantsa, kowane motsi da mintinsa. Daga nan na hau mota zuwa Tsafe domin in karanta musu shi a zauren jagoransu, Alhaji Mamman. Sun saurare ni da ladabi har ƙarshe. Tambaya ɗaya Alhaji ya yi, wai in su takwas ba su dawo ba, ta yaya jirgi zai tashi alhali bai cika ba? Na yi bayani na kusan rabin awa a kan bambancin jirgin ruwa da motar tasha. Ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa yaro mai ƙoƙari.

Ina shirin tashi na lura da ƙunshe-ƙunshe jibge a kusurwar zauren. Na tambaya, aka ce saƙon mutane ne: daddawa da kuka da man shanu da yaji, waɗanda maƙwabta suka kawo domin a kai wa 'yan'uwansu mazauna can. Ban ga laifin haka ba. Na ciro alƙalami, na ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin tashoshin da abin ya shafa: "Isar da saƙo da gaisuwa, minti goma sha biyar." Na yi farin ciki a raina da wannan hangen nesa.

A Lome komai ya tafi daidai, domin mai saƙon, wato wanda aka aiko wa, ya yi tafiya, aka bar wa maƙwabcinsa. Ƙorafi ɗaya na samu, a kan abinci. Na zaɓa musu wani gidan abinci a bakin ruwa bayan na tabbatar babu abin da ya haramta a girkinsu, sai aka kawo musu jatan lande. Alhaji ya bugo waya ya ce an zubo musu wasu fara da suka faɗa ruwa suka kumbura, kuma bai bar Tsafe domin ya ci fara da cokali mai yatsu ba. Na rubuta a gefen jadawali cewa daga yau kifi da shinkafa kawai. A Tema babu saƙo, don haka babu labari.

Ranar Laraba jirgin ya tsaya a Takoradi. Duk lokutan da zan ambata na agogonmu ne na Najeriya. Ƙa'idar ranar ita ce kowa ya kasance cikin jirgi da ƙarfe biyar da rabi na yamma, a janye gadar shiga, jirgi ya tashi da shida. Jadawalina ya ce kasuwa da safe, isar da saƙo a unguwar Hausawa da ƙarfe ɗaya, azahar, abinci da ƙarfe biyu, komawa tasha da huɗu. Na bar rarar awa ɗaya da rabi, abin da na ɗauka ko ambaliya ba za ta cinye ba.

Ƙarfe biyu da rabi mai gidan abincin ya kira ni ya ce teburin mutum takwas na nan babu kowa, kifi kuma yana sanyi. Na kira Alhaji sau huɗu bai ɗauka ba. Da ƙarfe uku sai ga kiran matarsa, Hajiya Abu, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce suna gidan mai saƙon, wani Malam Isiyaku, mutumin Kwatarkwashi da ya shekara talatin a can. Da ya ga mutanen gida har takwas a ƙofarsa sai ya fashe da kuka, daga kukan ya aika aka jawo rago. Yanzu haka ana feɗe shi. Na ce su yi godiya su fito. Ta ce ai ba su da takalma, an kwashe su duka an kai cikin gida, wai kada rana ta lalata su. Direban motar da na ɗauka musu kuma an ba shi fura ya sha, yana kwance a kan tabarma.

Na nemi a ba ni Malam Isiyaku. Na gaishe shi, na gabatar da kaina da muƙamina, na jero masa hujjoji uku a tsare: lokacin janye gada, nisan gidansa da tashar wanda ya kai minti ashirin da biyar a mota, da kasancewar kayansu da magungunansu duk suna cikin jirgi. Ya bari har na dasa aya.

"Yaro, kai ɗan wane gida ne a Gusau?"

Na faɗa masa. Ashe ya taɓa sayen buhunan gyaɗa a wurin kakana, kuma sai da na ji yadda cinikin ya kasance. Da na dawo da shi kan maganar jirgi, ya ce baƙon da aka yanka wa dabba ba ya tashi sai ya ci, haka ya gada, haka ni ma na gada in ban manta ba.

"In wanga jirgi ya tahi, wani na zuwa. Ga ɗakuna nan. Ka kwantar da hankalinka."

Na nemi Alhaji Mamman, na roƙe shi ya miƙe kawai. Ya ce shi ba zai zama mutumin da za a riƙa ba da labarinsa daga Takoradi har Tsafe cewa an kayar masa da rago ya gudu ba takalmi ba. Hajiya Abu ta karɓi wayar ta ce mutum ɗaya ne a duniya Malam Isiyaku ba ya yi wa musu, yayarsa Inna Dije, wadda ita ce ma ta ba da saƙon. Tana Kwatarkwashi, kuma ba ta riƙe waya.

Manaja yana tsaye a kaina yana jin komai. Sai ya ajiye mini makullin babur ɗin ofis a kan jadawalin.

Na bar Gusau da ƙarfe uku da minti talatin da biyar, na shiga Kwatarkwashi da huɗu da 'yan mintoci. Gidan yana gindin dutse, kowa ya san shi. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. A hanya na shirya jimla ɗaya da zan faɗa ina shiga, amma da na durƙusa a gabanta sai na ji bakina yana tambayar lafiyarta da gajiya da gida da yaran gida da amfanin gona. Ita ma ta tambayi nawa ɗaya bayan ɗaya. Na duba agogo a ɓoye, ni kaina na ci minti bakwai.

Na faɗa mata halin da ake ciki. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce to mene ne abin tashin hankali, Isiyaku ya yi abin da aka koya masa, da ya bar su sun fita da yunwa da ita ce za ta fara tsine masa. Na maimaita hujjojina uku, ba ta ko ɗago kai ba. Na ƙara ta huɗu, wato aikina, ta ce Allah shi ke ba da abinci. Daga ƙarshe sai na ce kawai, cikin karayar zuciya, gobe jirgin zai tsaya a Abijan ba tare da su ba, kayansu kuma su wuce har Dakar.

Hannunta ya tsaya.

"Abijan? To man shanun Hassi fa?"

Na ce wace ce Hassi. Ta ce jikarta ce da ke aure a can, kuma ta ba Hajiya Abu ƙunshi biyu ne, ɗaya na Isiyaku, ɗaya na Hassi, wanda ke cikin jirgi. Wata uku ta yi tana tara man nan.

"Kira min shi," in ji ta.

Na kira wayar Hajiya Abu da ƙarfe huɗu da minti ashirin, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Inna ta gaisa da Hajiya. Ta gaisa da Alhaji. Ta gaisa da sauran shidan, kowanne da sunansa da na iyayensa, ta yi wa ɗaya ta'aziyyar rasuwar da aka yi shekara biyu da suka wuce. Ta gaisa da iyalin gidan. Ina tsugune riƙe da wayar kusa da bakinta. Sai ƙarfe biyar saura minti takwas aka kai kan Malam Isiyaku, shi ma aka yi tasa gaisuwar. Sannan ta ce:

"Isiyaku, ni na goye ka ko ba ni ba?"

"Ke ce, Yaya."

"To ba mutane takalmansu. Naman ka zuba musu a kwano su tahi da shi. In man Hassi ya wuce Abijan, kada ka sake aiko min da atamfa."

Ban ji ya ce komai ba sai "to, Yaya." Daga nan sai hayaniya da ƙarar kwanuka.

Sauran labarin ta waya na bi shi, Hajiya Abu tana faɗa mini abin da take gani. An tashi direba. Sun fita da motoci uku, domin rabin unguwa ta ce sai ta yi rakiya. Sun isa ƙofar tasha da biyar da minti ashirin da huɗu, ɗauke da manyan kwanuka biyu na naman da bai gama nuna ba. Jami'in jirgi ya ce ba a shiga da dafaffen abinci daga waje. Alhaji ya ce ba zai mayar wa mutum kyautarsa a gaban jama'arsa ba. Na riga na fara tunanin wace sana'a zan koma, sai na ji Hajiya ta ce wa mijinta ya karɓa da hannunsa, ya ɗauki tsoka ɗaya ya ci, sauran ya yi sadaka da shi ga masu gadi da 'yan dako. Aka yi haka. Malam Isiyaku ya gamsu tun da an ci a gabansa, masu gadi kuma suka buɗe hanya da saurin da ban zata ba. Alhaji ya tsaya a tsakiyar gada yana ba da gaisuwar da za a isar wa limamin unguwa, har sai da Hajiya ta ja hannun rigarsa. Na takwas ɗinsu ya taka cikin jirgi da biyar da minti ashirin da tara.

Na kira Manaja na shaida masa. Ya ce madalla, sannan ya tambaya ko akwai wani abu da ya kamata ya sani game da gobe. Na ce akwai Hassi.

Na miƙe zan yi sallama, Inna ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ina za ni, ga tuwo a wuta. Ban yi gardama ba. Na zauna a tabarmarta, na ɗora jadawalin a gwiwa, na soke gidan abincin da na kama a Abijan, na soke ziyarar gidan tarihi. Na tambayi Inna yadda gidan Hassi yake, wa ke da magana a cikinsa, kuma tsoron wa yake ji. Muka kira su tare, Inna ta ba da umarni a fara girki tun da hantsi, takalma kuma su zauna a ƙofa inda masu su ke ganin su. Na rubuta: "Gidan Hassi, awa huɗu, har da abinci da rakiya." Washegari sun koma jirgi da rarar minti hamsin, kuma Alhaji ya ce tun da suka bar gida ba su ci abinci irin na ranar ba. Bayan wata ɗaya na karɓi takardata.

Abin da nake so sababbin ma'aikata su ɗauka shi ne wannan. Mutanenmu ba sa tafiya su kaɗai ko da tikiti ɗaya suka saya, suna tafe ne da amanar unguwa guda. Garin da ka rubuta musu a matsayin wurin kallo, a wurinsu gidan wani ne da za a gaisar, kuma a can za su ci abinci ko ka tsara ko ba ka tsara ba. Saboda haka kafin ka nemi gidan abinci a kowace tasha, ka je zaure ka ƙirga ƙunshe-ƙunshe, ka tambayi na wane ne kowanne. Sannan ka nemi sanin wanda ya girmi mai saƙon a nan gida, ka je ka gaishe shi tun kafin a tashi, da hantsi, lokacin da babu jirgin da ke jiran kowa.