Minti Ashirin Zuwa Cikin Gari

Jiya a Tungan Maje, dillali yana buɗe min ɗakin haya sai na gane fuskarsa. Shafinsa na intanet na riƙa karantawa lokacin ina jami'a. Shi ya koya min kada in kama ɗaki sai na ga unguwar da damina, na kuma gwada hanyar ofis da safe.

Shafin ya daɗe da mutuwa. Yanzu bidiyon tallan gidaje yake yi, kuma a na wannan ɗakin ya ce minti ashirin ne zuwa cikin gari.

Na ce, "Oga, a shafinka na karanta cewa a gwada hanya. Na duba agogo, awa ɗaya da rabi na yi a mota. Sabon aiki na samu, in ina makara korata za su yi."

Ya yi dariya. "Ƙanena, gwada ranar Lahadi da asuba mana! Shekaru ina rubuta gaskiya, kai ne na farko da ya ce min ya karanta."

Ban kama ɗakin ba. Tsohon rubutunsa ne ya cece ni daga bakinsa.

Masu neman gida a Abuja, yanzu wa kuke tambaya?