Akwatunan Yaya Zuwaira

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, 20 ga Agusta, 2025, da hantsi, ina gonata a bayan garin Funtuwa, Rakiya ta kira ni a waya ta ce, "Kawu, Inna ta cika." Innar tata yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, Hajiya Zuwaira ta Dayi. Ta rasu tana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar kwana tara. Aka yi mata sutura bayan azahar, ana yayyafi.

Yaya, na jinkirta wannan rubutu mako biyu ko zuciyata za ta huce. Ba ta huce ba. Saboda haka zan faɗi alherinki, zan kuma faɗi abin da idona ya gani a gidanki ranar sadakar uku. Wanda ya ji haushi, ya ji.

Duk wanda ya san ki ya san akwatunanki. Na farkonsu na kakanmu Malam Iliya ne, wanda ya tafi aikin Hajji a ƙasa, ya shekara bakwai kafin ya dawo. Baƙin katako ne mai nauyi, an sassaƙe jikinsa an dasa ƙananan taurari na ƙashin raƙumi, an zagaye kowanne da siririyar tagulla. Da kaka ya rasu, maza suka raba gonaki da jakuna, aka yar da akwatin a zaure har tattabaru suka mai da shi sheƙa. Kina da shekara goma sha biyar kika ɗauke shi, kika wanke tagullar da toka da lemun tsami, kika shafe katakon da man gyaɗa. Daga nan kika fara. Wani kika samo shi a kasuwar Bakori cikin tarin gwanjo, wani a gidan wata tsohuwa a Malumfashi ana shirin fasa shi a hura wuta. Da kika bar duniya sun kai ashirin da uku, wasu tafin hannu ya ɗauke su, wasu sai mutum biyu.

Ba ki taɓa barin ko ɗaya ya zauna fanko ba. Akwai na turaren wuta, akwai na allura da zare, akwai wanda kike ajiye farin yadi don likkafanin wanda ya mutu ba shi da kowa. Manya guda biyu kuwa na iri ne, ɗaya farafara ɗaya kaura, tsohuwar dawar gidanmu, an cakuɗa da toka saboda ƙwari. Ko an gama shuka ba kya bari su ƙare.

Ina tuna shekarar da gobara ta cinye rumbunan Gwadabe, wani Bamaguje da ke noma a wajen Ƙarfi. Damina ta kawo kai, ba shi da ko ƙwayar da zai binne. Ya zo ya tsaya a ƙofar gida yana jin nauyin shiga. Kika sa aka shigo da shi, kika buɗe akwatin kika cika masa ƙwarya biyu. Ya ce, "Hajiya, kin san fa ni ba na salla." Kika ce, "Na sani, Gwadabe. Yaranka dai suna cin tuwo, ko?" Da kaka ta yi ya dawo da dami uku a kan jaki, kika karɓi zangarniya biyar kawai kika mayar masa da sauran.

Ɗakin akwatunan nan ne Abdulmutallib yake kira bola. Ɗan ƙanin marigayi mijinki ne, wanda kika riƙa tun mahaifinsa ya rasu har ya gama makaranta ya sami aiki a Abuja. Da ya fara sa takalmi mai sheƙi sai ɗakinki ya fara yi masa wari. A gabana ya ce miki, "Inna, ki bari a kwashe wannan tarkacen, mutane suna mana dariya." Matarsa Sadiya kuwa ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba, wai tsofaffin akwatuna gidan aljanu ne. Shekara shida ba su taka Dayi ba. Kwana tara kina kwance, Rakiya ta kira shi ya fi a ƙirga, kullum yana cikin taro. Jana'iza ma hanya ce ba ta da kyau.

Amma ranar uku hanya ta gyaru. Ya iso da babbar riga wadda ta sha sitaci, yana kuka da ƙarfi yadda na bayan layi ma za su ji, yana share idon da ban ga ruwa a cikinsa ba. Tare da shi akwai wani mai tumbi da ya gabatar mana a matsayin Alhaji Maitama, abokin aiki. Daga baya muka gane dillalin kayan tarihi ne, mai kai wa manyan otal abin adon falo. Ashe ɗan naki ya gani a wayarsa cewa irin bolar nan masu hali suna rububinta. Aljanun ma, da alama, sun tashi.

Liman yana tsakiyar addu'a, hannuwanmu a sama, su biyun suka zame suka shige ɗakinki. Ihun Rakiya muka ji. Kin san 'yarki, ko a yarinta ba a jin muryarta. Da na shiga, na tarar sun juye farafara da kaura wuri ɗaya a tsakar ɗaki, don su ɗauki hoton cikin akwatunan. Farin yadin likkafani yana ƙasa, da sawun takalmi a kansa. Shi kuma dillalin ya sa makullin mota ya ɓamɓare tauraro ɗaya daga akwatin kaka, yana ɗaga shi a haske, wai yana duba ko ƙashi ne ko roba.

Na ce, "Abdulmutallib, me ke nan?"

Ya ce, "Kawu, taimako nake yi. Gara a san darajarsu kafin rabon gado, kada a cuci kowa."

Na ce, "Gadon wa? Tashi mu je wurin liman, ga shi nan a waje, ka tambaye shi rabon ɗan ƙanin miji."

Mutumin da ya yi digiri biyu, ya tuƙo mota tun daga Abuja, bai tsaya ya tambayi ko da almajirin fiƙihu ɗaya ba. Magadanki biyu ne, Rakiya da ni. Rakiya ta miƙa wa dillalin hannu, ya ajiye mata tauraron a tafi. Ta ce, "Ku fita daga ɗakin uwata." Suka ratsa ta cikin jama'a, babu wanda ya ce musu a sauka lafiya. Ko fatihar rufewa ba su tsaya ba.

Gwadabe yana cikin masu gaisuwa a ranar, ya tsufa, yana dogara sanda. Da ya ji abin da ya faru ya nemi izini ya shiga, ya durƙusa da ƙyar ya fara tsince dawar cikin hularsa. Matan unguwa suka kawo fayafai suka zauna tare da shi. Kwana uku suna ware fara daga ja, ƙwaya ƙwaya, har kowacce ta koma akwatinta. Na bar wa Rakiya rabona a gaban shaidu. Akwatunan suna nan inda kika jera su, kuma shekaranjiya an buɗe na likkafani saboda wani baƙo da ya rasu a tasha. Tauraron ne dai kafinta ya kasa mayarwa daidai, ya zauna a karkace.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rakiya da 'ya'yanta, da matan unguwa da suka yi jinyarki, da Gwadabe da iyalinsa, da dukkan mutanen Dayi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Abdulmutallib kuwa ba zan yi masa ta'aziyya ba, domin ana yi wa wanda ya yi rashi ne, shi ciniki ne ya kuɓuce masa. Allah Ya shirye shi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Zuwaira 'yar Muhammad Sani. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta da haske, Ka sanya duk wanda ta ciyar da duk wanda ta suturta a ma'aunin ladanta. Ka haɗa ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Mu kuma, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.