Kwaɓin da Ya Dawo Ɗanye

A lungunmu na kusa da Harami, mace ba ta kai kwaɓinta tanderu da ƙafarta. Haka na tarar da mutanen Makka suna yi. In babu namiji a gida, sai ki jera kwaɓin gurasarki a kan katako, ki rufe da ƙyalle, ki ajiye a bakin ƙofa. Duk namijin da ya fara wucewa, ko attajiri ne, shi zai kai wa mai tanderu, ya dawo miki da ita da zafinta. Ba ya jiran godiya.

Ni kuwa babu namiji a gidana. Maigidana ya rasu shekarar da muka iso daga Kano, ya bar ni a ɗaki ɗaya can saman wani tsohon gidan dutse. Larabcina bai wuce na cefane ba, Hausawa kuma suna can wata unguwa. Abokiyar hirata ita ce roshan, tagar nan ta katako mai sassaƙa da ke turo ciki kan hanya, kina ganin kowa, ba mai ganinki. Nan nake ajiye tulu iska ta sanyaya shi, nan nake zama ina gadin katakona. Yawanci mutum ɗaya ke ɗauka, wani dattijo mai ɗingishi. Ban san fuskarsa ba, saman rawaninsa kawai na sani. Amma wallahi in ya sunkuya ya ɗauka, sai in ji ni ma mutum ce a garin.

Sai aka zo faɗaɗa Harami. Wa zai ƙi a faɗaɗa ɗakin Allah? Ban ƙi ba, amma na yi kuka. Gidajen da suka ga kakannin kakanni aka riƙa kwance musu tagogi ana jibgewa kamar itacen girki. Maƙwabta suka riƙa ɗora kaya a jakuna. Tsohuwar da ke da gidanmu ta hauro har ɗakina tana haki, ta ce in bi su unguwar Utaibiyya.

Na ce, "Sitti, muddin ana ɗaukar katakona, unguwa ba ta mutu ba. Ina nan."

Ta ce taurin kaina ya fi dutsen gidan. Ba ta yi ƙarya ba, sabo turken wawa.

Lungu ya koma kango. Ba kukan yara, ba mai tallan ruwa, rana ta riƙa faɗowa inda ba ta taɓa taɓawa ba. Kaɗaici ya ishe ni har nakan yi wa tulu magana. Amma kullum na ajiye katako, dattijon zai ɓullo ta cikin ɓaraguzai, ya ɗauka, ya dawo. Sai in ce, to, kun gani?

Ran nan ya ɗauka, ya daɗe. Da ya dawo bai wuce ba, ya tsaya a ƙarƙashin roshan, kansa a ƙasa.

"Salamu alaikum, masu gida. Baiwar Allah, a yi haƙuri, an rushe tanderun."

Da Hausa! Hausar Sakkwato, tsaf. Na manna baki a jikin katako na ce, "Malam, ashe kai namu ne?"

Ya ce, "Tun randa nig ga saƙin ga da kika rufe kwaɓi na sani. Irinai innata ka rufe ƙwarya da shi."

Na ce, "To kai ina za ka koma in an zo kan gidanku?"

Ya ce, "Ai mu an tashe mu tun gabanin azumi, muna can bayan duwatsu. Don katakon ga nike zowa."

Ashe unguwar ta daɗe da mutuwa, mutum ɗaya ne ke jan ƙafa daga nesa don kada in sani. Ya ce Allah ya sada mu da alheri, ya juya yana ɗingishi. Ban tambayi sunansa ba.

Na sauka na ɗauko katakon. Na tarar ya gyara rufin, ya soke gefunan saƙin a ƙasa don kada ƙura ta shiga. Washegari na ɗaure kayana, kwaɓin na nan a gefe ya yi tsami, na kasa zubarwa.