Ranar da Baba Ya Taka Zuwa Ɗan Agundi

Jakara, ƙarfe shida

Tun da aka sallame Asuba muka shirya, ni da Baba, amma sai da dokar hana fita ta ɗaga muka fito. Shekarun tashin bama-bamai ne, an hana acaɓa, jami'armu a rufe. Ciwon suga ya sa Baba gaba. Likita ya ce ya riƙa tattaki kullum, amma wata uku bai wuce zaure ba. Sai ga saƙo cewa jikin yayarsa, Gwaggo Hauwa, ya tsananta, shi take ta kira.

A bakin Kurmi muka tarar da shingen farko, kowa hannu sama. Wani soja ya dubi furfurar Baba, ya ce ya sauke nasa.

Ƙofar Nassarawa, bakwai da kwata

Nan ƙafa ta ƙi. Baba ya zube a bencin wani mai shayi yana haki, ya ce in ƙarasa ni kaɗai in ba Gwaggo haƙuri. Na saya masa shayi ba suga da ƙosan naira hamsin. Kimiyyar jiki nake karanta, sai na gaya masa abin da aka koya mana: a cikin ƙwayoyin tsokarsa akwai wasu 'yan murahu, mitokondiriya, su ke mayar da abinci ƙarfi. In ƙarfin ya yi ƙasa, wani sinadari yakan ji, ya sa a kwashe waɗanda suka lalace, a gina sababbi. Kuma irin wannan gajiyar ce ke tashinsa.

"Yau za a gina?"

"A'a, Baba. Sai an yi makonni ana takawa."

Ya shanye shayinsa, ya miƙo mini hannu. "To, a fara."

Ɗan Agundi, takwas da rabi

Sau huɗu muka tsaya a hanya. Gwaggo na jin sallamarsa ta buɗe ido, ta tambayi wanda ya kawo shi. Da aka ce mata da ƙafa ya zo, ta sa aka ajiye masa ruwan ɗumi a gefen shimfiɗarta ya tsoma ƙafafunsa. Har Azahar tana riƙe da hannun rigarsa, suna hirar gidan iyayensu.

Komawa

Bayan La'asar muka samu adaidaita, abin da ya gagare mu da safe, naira ɗari biyu, ya sauke mu a Kurmi. Muka shiga gida kafin doka ta hau.

Kwana tara bayan nan Gwaggo ta rasu. Godiya ga Allah da ya sa Baba ya same ta tana gane shi, da kuma mai shayin nan da ya ba mu bencinsa bai gaggauta mu ba.