Ramin Kawu

Kawuna ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan rami ɗaya, ramin da ko ganinsa bai taɓa yi ba. Baƙin rami ake ce masa, can cikin sararin samaniya. Haɗiye duk abin da ya matso shi yake yi, amma wani abin yakan kuɓuce daga bakinsa ya yi tsiri, kamar ruwan famfon da aka danne da yatsa. Aikin Kawu shi ne ya lissafa a kwamfuta hasken da tsirin nan ke fitarwa, da lokacin da zai ƙaru.

A gidansa na girma, kuma gaskiya na tsani ramin nan. Shi ke hana Kawu cin abinci da zafinsa. Inna, matarsa, takan leƙa ɗaki ta ce, "Malam, ramin naka ya ƙoshi? To mu ma a bar mu mu ci."

Da furfura ta cika masa kai, sai lissafin ya nuna masa shekarar da tsirin zai yi wani irin haske. Ya yi ta roƙo har aka ba shi aron babban madubin hangen taurari, wanda masana ke bin layi kafin su samu. Ya san in lissafin bai yi daidai ba, ba za a sake ba shi ba. Aka juya madubi, aka jira, shiru. Ramin ko tari bai yi ba.

Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa kawai ta gajarce, aka daina kiransa taro, har ya yi ritaya. Ni na taya shi kwashe ofis. Ya naɗe wayar kwamfutarsa a hankali, ya ce, "Na gaji, 'yar nan." Daga nan ya koma gyaran fanka da ba wa shuka ruwa.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana da la'asar, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ta gaji kujerarsa, ta bugo waya. Yana wajen shuka, hannunsa duk ƙasa, sai na riƙe masa wayar, na buɗe muryarta don mu ji tare.

"Malam, ya haska! Yadda kuka zana shi, haka ya tashi."

Ta ce ta koma kan lissafinsa ta gano matsalar. Ramin na da nisan da haske ke miƙewa a hanya, shi ya sa abin da ya ɗauki shekara a can yakan zarce haka a idonmu. Kawu ya sha koya wa ɗalibai wannan. Amma a layi ɗaya da ya rubuta tun yana saurayi, ya bar lokacin a agogon ramin, bai mayar da shi namu ba.

Kawu ya yi 'yar dariya. "Ashe ba ƙarya na yi ba, sammako na yi." Sai ya gyara tsayuwa, muryarsa ta koma irin ta da. "Babban madubin me ya gani? Turo mini."

Ta ce, "Malam, ba a juya shi can ba. Wani ƙarami ne ya tsinci ƙarshen hasken. Tun wancan karon ba wanda ke neman ramin nan."

Ya daɗe yana kallon wayar. Ni kuwa, da na tsani ramin, ni ce na fashe da kuka.

"Ba komai," in ji shi. Ya ɗauki butarsa ya koma wajen shukar da ya riga ya ba ruwa.